Talotalo a Tsakiya, Waina a Gefe

A ƙasar nan babu hutun Sallah. Makarantun gwamnati na birnin New York suna rufewa ranar ƙaramar Sallah da babba tun daga shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, amma wannan gatan yara ne. Mu manya, in Sallah ta faɗo ranar Talata, sai dai mutum ya je idi da sassafe, ya tuɓe babbar riga a mota, ya wuce wurin neman abinci. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, maganin ƙarfe takwas kuwa ba ya jiran kowa ya dawo daga yawon Sallah. Baban yara direban tasi ne. Yayana yana Philadelphia, ƙanwar Baban yara tana Newark da mijinta, kowa da lokacin aikinsa. Sai a shekara ba mu haɗu gaba ɗaya ba, in ba suna ko rasuwa ba.

Ranaku biyu ne kusan komai yake tsayawa a Amurka, makaranta da banki da gidan waya da ofisoshi: Kirsimeti, sai Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wato Thanksgiving, Ranar Godiya. Kirsimeti ni nake karɓar wa abokan aikina Kiristoci aiki, da yardar raina, don su ma su karɓar mini ranar Sallah. Saura Ranar Godiya, ita kuwa kowa yana so, shi ya sa tun watan Satumba nake rubuta sunana a takardar neman hutu.

Na san akwai masu ganin bai kamata Musulmi ya kula wannan rana ba. A masallacinmu ma an sha tayar da maganar, wasu malamai suka ce koyi ne da al'adar da ba tamu ba, wasu suka ce hutun ƙasa ne kawai. Mu dai a gidanmu ba ma yi mata wata salla, ba ma kiranta idi, ba ma ɗinka sababbin kaya. Dangi ne da abinci, a ranar da aiki ya sake mu. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuma sai da hutu take fita.

Bana mun kusa mu ashirin, a gida mai ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu a Bronx. Har da Hajiya, mahaifiyar Baban yara, wadda ta zo daga Kano duba idonta, ba ta taɓa ganin wannan hidima ba.

In don ta ni ce, zabi zan soya in huta. Amma yaran da aka haifa a nan, tun suna ajin rainon yara ake sa su zana tafin hannunsu a takarda su mayar da shi talotalo, kuma ranar Litinin in an koma makaranta za a tambaye su yadda aka yi a gidansu. Don haka dole a ga talotalo, guda sukutum, a kan tire. Manyan kantuna suna jibge daskararru tun farkon wata, da araha, wasu ma kyauta suke bayarwa in sayayyarka ta kai wani adadi. A wurin aikinmu ma ana raba wa kowa ɗaya. Nawa ina sauka da shi hawa na uku in miƙa wa maƙwabciyata 'yar ƙasar Dominika, domin ba yankan Musulmi ba ne. Akwai 'yan uwa masu ci bisa fatawar yankan Ahlul Kitabi, ban ce da su komai ba, amma ba zan tara mutum ashirin in bar ko ɗaya yana tauna nama da shakka a ransa ba.

Mayankar kaji muke zuwa. Akwai su da dama a Bronx, inda za ka nuna mai rai, a auna shi, Musulmi ya yanka, inji ya fige. Ya fi na kanti tsada nesa ba kusa ba, warin wurin kuma sai ya bi ka har mota. Baban yara ne yake zuwa ranar Talata da sassafe, domin zuwa Laraba layi ya fito har titi. Na ce masa kada ya wuce kilo 7, wato laba 15 ko kusa da haka. Wanda ya fi haka ba zai shiga obin ɗinmu ba, kuma na san mutanena, rabinsu ɗanɗanawa kawai za su yi su koma kan waina.

Wadda kuma ta samu daskararre na halal, ta kula da lissafi. Hukumar noma ta Amurka ta ce kowace laba 4 zuwa 5 tana buƙatar awa 24 a firij kafin ƙanƙarar ta saki. Mai kilo 7 kwana uku zuwa huɗu ke nan, don haka ranar Lahadi ake fito da shi daga firiza. In lokaci ya ƙure, a nutsar da shi da ledarsa a ruwan sanyi, minti 30 ga kowace laba, ana sauya ruwan duk rabin awa. Kada a bar shi ya kwana a kan kanta. Kuma a zura hannu a cikinsa ta gaba da ta baya, akwai wuya da wata 'yar jaka mai hanta da ƙundu da zuciya. Su nake dafawa in samu romon dafa-duka.

Hukumar nan ta kuma ce kada a wanke ɗanyen talotalo, wai ruwan da ke fallatsa shi yake yaɗa ƙwayoyin cuta a kicin, wuta ce take kashe su. Hujjarsu ta shige ni, amma hannuna ya ƙi. Ba a haifi Bahaushiyar da za ta ɗora nama a wuta ba ta wanke ba. Ina wanke shi a babbar roba da lemun tsami, a hankali ba tare da na sakar masa famfo ba, sannan in bi wurin da sabulu da ruwan bilic.

Matsalar talotalon ƙasar nan a ƙirjinsa take. An yi ta zaɓen iri ne don ƙirji ya yi girma, har ya kai ba ya iya tashi sama, naman wurin kuma fari ne, babu kitse. Yana riga cinya nuna, kafin cinyar ta yi shi ya bushe. Ga shi da kauri, duk kayan ƙamshin da kika shafa a bayan fata a nan zai tsaya, ciki salam. Abin da nake yi, daren Talata in tsane shi sosai, in ɗaga fatar ƙirji da ta cinya da yatsu ba tare da ta yage ba, in shafa gishiri a kan tsokar kanta, ya kwana a firij a buɗe. Ranar Laraba in markaɗa tafarnuwa da ɗanyar citta da albasa da attarugu biyu, in zuba masoro da kimba da kanumfari kaɗan da tayim da dunƙule, in kwaɓa da bota mai laushi, in cusa a ƙarƙashin fatar har lungun fiffike. A cikinsa albasa da lemun tsami kawai nake sawa. Turawa suna ɗura masa gutsattsarin burodi da kayan haɗi, amma hakan yana ja masa lokaci a wuta, kuma sai burodin ma ya kai zafin da naman ya kai kafin a amince da shi. Yajin ƙuli ba ya shiga tun farko, ƙonewa yake ya yi ɗaci. Sai saura kwata a sauke nake shafa man gyaɗa in barbaɗa.

Obin a kan 325 a ma'aunin Amurka, wato 163 a namu, kusan awa huɗu ga mai kilo 7. Ina rufe ƙirjin da takardar foyil har sai saura awa guda. Maganar ko ya nuna kuwa, ki bar tsira wuƙa kina kallon ruwa. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama, bai kai kuɗin kaza guda ba, ki soka a inda cinya ta fi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ki soka a ƙirji. In ya nuna 165, wato 74, ya yi. A sauke a bar shi rabin awa kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba romon duk a tire zai ƙare.

Ɓangaren abincin Turawa na sallama wa babbar 'yarmu, wadda take jami'a a Buffalo, ta iso da bas daren Laraba. Ita ce mai markaɗaɗɗen dankalin Turawa da bota da madara, da makaroni da cuku, da burodin masara, da miyar fulawa da ake yi da romon da ya tsiyaye daga talotalo. Aikina a nan shi ne karanta bayan kwali, domin alade yana ɓuya a abincin wannan rana fiye da ko yaushe. Wani garin burodin masara na kwali da kitsensa ake haɗa shi. Haka wani ɓawon kek ɗin da ake sayarwa a shirye. Farar alawar nan mai laushi da suke jerawa a kan dankalin Hausa su gasa, yawancinta da sinadarin da ake samu daga fatar alade ake yi. Ganye ma da ƙafarsa ko ƙyafaffen namansa suke dafawa. Wanda wani abokin aiki ya gayyata gidansa, ya tambaya kafin ya ɗiba, ba sa jin haushi.

A kan kabewa aka yi rikici. Ni na sayi tawa don miyar taushe, irin ta mutanen Karebiyan da ake sayarwa yanka-yanka a shagunansu, ita ta fi kusa da tamu. Ƙatuwar nan mai ruwan lemo da suke fafewa su ajiye a ƙofar gida a watan Oktoba, ruwa ce zalla, ba ta miya. Babbar kuma ta buɗe ta gwangwani, ta fasa ƙwai, ta zuba madara da kirfa da citta da kanumfari, ta kawo sukari kofi guda za ta juye. Hajiya tana zaune a kujera tana gyaran alayyahu, sai ta ajiye wuƙa.

"Ke kishiya, kabewar kike zuba wa sukari? Miyar me za a yi da ita?"

"Hajiya ba miya ba ce, kek ne. Bayan an ci abinci ake ci."

"Ikon Allah. Da wannan girkin kike so ki ƙwace mini Alhaji? To na kwanta da minsharina."

Taushen kuwa Hajiya ba ta bar ni na yi ni kaɗai ba. Ƙashin rago, kabewa, tattasai da attarugu, alayyahu, yakuwar da na saya a shagon 'yan Bangaladash tun rani na adana a firiza, markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari, da daddawar da ta zo da ita a ƙulle cikin leda uku. Ta ɗanɗana ta ce gyaɗar ta yi yawa, na ce to Hajiya. A daidai wannan lokaci a gida ma kaka ce, kabewa tana jibge a kasuwa, sabuwar gyaɗa ta shigo, an girbe gero ana kan dawa. Da muka yi waya da Inna ta ce su ma jiya taushe suka sha.

Akwai wasu jajayen 'ya'yan itace ƙanana da suke kira cranberry, waɗanda tebur ba ya cika sai da su. A jihohin Wisconsin da Massachusetts aka fi noma su, kuma in za a girbe sai a cika gonar da ruwa su taso sama a kwashe. Tsaminsu kamar na zoɓo. Ana dafa su da sukari da ɓawon lemo har su fashe su yi kauri, a ci da nama. Manya a gidanmu ba sa haɗa zaƙi da nama, yara ne suke ci. Ni dai ina ɗibar cikin hannu biyu in jefa a tukunyar zoɓo tare da citta da kanumfari da ɓawon abarba, yana ƙara masa kala da kaifi.

Ƙullun waina da yammacin Laraba nake markaɗawa a bilenda, in sa yis, in ajiye robar kusa da bututun ɗumama ɗaki, kafin asuba ya tashi har yana neman zubowa. Tandata daga Kano na taho da ita. Suya tun bayan sallar asuba, domin da talotalo ya shiga obin wajen goma da rabi kicin ɗin ba ya zaunuwa. Na'urar hayaƙi da ke silin ba ta san waina ba, tana jin ƙaurin mai za ta fara ihu, sai an buɗe taga, sanyin Nuwamba ya shigo, Hajiya ta ƙara mayafi a kan rigar sanyi tana cewa wannan ƙasa sai ku.

Sauran abinci rabawa nake yi, kuma kowa ina faɗa masa takamaiman abin da zai kawo. In kika ce wa mutanenmu kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa, tire huɗu na dafa-duka za ki gani. Matar Yaya farfesun kayan ciki. Ƙanwar Baban yara, da yake mijinta ɗan zangon Kumasi ne, wake da shinkafa irin nasu mai ja, da baƙin yajinsu na kifi, shito. Wani ƙanin abokin Baban yara, gwauro daga Maraɗi da ba shi da kowa a garin nan, ruwan roba da farantan takarda. Maƙwabciyata ta aiko da kek ɗinsu na ƙwai da madara, ta ce wa yaron ya faɗa mini babu alade babu giya a ciki. Na mayar mata da kwanon da waina da miya.

Lokacin cin abinci salla ce take tsara shi. Tun Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa guda, don haka a ƙarshen wata azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar biyu da 'yan mintuna, magariba wajen huɗu da rabi. Tsakanin la'asar da magariba nan ne kawai fili. Na ce wa kowa ƙarfe ɗaya, don in same su biyu da rabi. Masu tahowa ta gadar George Washington kullum da uzurinsu, kuma uzurin gaskiya ne. Kano tana gabanmu da awa shida, saboda haka kiran gida ta WhatsApp kafin a zauna ake yi, a zaga da waya hannu-hannu, kowa ya gaida Alhaji, a nuna masa talotalo ya ce wannan ai ɗan rago ne. Da safe yara sun kalli faretin kantin Macy's a talabijin, wanda ake yi a Manhattan tun 1924, da balan-balan masu tsayin bene. Da rana samari suna son wasan ƙwallon Amurka, ƙungiyar Detroit Lions da ta fara buga wasa a wannan rana tun 1934. Iyayensu maza suka ce ƙwallon da ake runguma a gudu ba ƙwallo ba ce, a nemo musu gasar Turai ta ranar Alhamis. Ban shiga ba.

Abin da ya fi cin tunanina duk shekara wurin zama ne. Hoton da yaranmu suke gani a makaranta da talabijin, dogon tebur ne, kaka da uba da uwa da suruki da jika duk a jere, fuska da fuska, uba yana yanka nama yana miƙawa. Mu kuwa ba haka muka tashi ba. Ni ban taɓa cin abinci a gaban Hajiya ba, kuma ba a Bronx zan fara ba. Mijin ƙanwar Baban yara, in ka zaunar da shi a gaban surukarsa ka ba shi cinyar talotalo, ka hukunta shi, zai yi ta juya cokali har a tashi. 'Yar Yaya ta yi aure bara, angon yana tare da mu, yaro mai barkwanci, amma da Yaya ya shigo sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Baban yara ma bai iya sakewa ya ci a gaban mahaifiyarsa da baƙi ba. In na bi hoton makaranta, manya za su tashi da yunwa. In na bi yadda ake yi a Kano sak, maza can, mata can, yara da kwanonsu a tsakar gida, yarana za su ji an yi walima ne irin ta suna, ranar da suke ɗoki ba ta zo gidansu ba.

Ga yadda nake yi. Bayan an sallame la'asar, ana jera komai a kan teburin cin abinci, talotalo a tsakiya bai yanku ba, kowa ya taso ya tsaya, manya a gaba, surukai a can baya inda suka fi so. A ɗauki hoto. Yaya, da yake shi ne babba a maza, ya yi bisimilla ya yi yankan farko. Daga nan a watse. Maza su koma falo, an shimfiɗa leda a kan kafet, a kai musu tire-tire. Angon 'yar Yaya da samari su ja nasu zuwa ɗakin yara maza. Mu mata muna kicin da bakin ƙofar ɗakina, inda hira ta fi daɗi kuma tukunya take kusa. Teburin kuwa, da kujerunsa shida da kyandir ɗin da babbar ta dage sai an kunna, na jikoki ne da Hajiya. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsiya. Ita ce a kan kujerar shugaba, tana ce wa Auta maigidana ka ci da yawa ka yi ƙarfin noma, tana ce wa 'yan matan ragwaye. Yara sun samu teburinsu da babba a kai, ni kuma na ci wainata a tsaye hankali kwance.

Akwai kuma al'adar da Auta ya kawo daga makaranta, cewa kafin a ci kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Tun muna tsaye ya tare hanya ya ce sai an yi. Yara suka yi nasu da Turanci, tiryan-tiryan. Da aka zo kan babbar, sai ta dube ni a gaban yayana da surukata ta ce tana godiya da mahaifiyarta wadda take aikin dare don ta yi karatu. Ni da ko sunanta ba na faɗa, 'yar fari ce. Na juya na ce bari in duba shinkafa, alhali shinkafar tana kan tebur. Matar Yaya ta biyo ni kicin tana dariya tana cewa Yaya ma idonsa ya yi ja. Da aka zo kan manya, kowa alhamdulillahi ya ce, muna godiya ga Allah da ya ba mu lafiya. Auta ya ce ba a yarda ba, kowa abu ɗaya yake faɗa, a kawo wani. Babansa ya ce to ina godiya da ka bar mu mu ci abinci. Hajiya ce ta raba gardama, ta ɗaga hannu ta ce a yi salati, ta shiga addu'a: iyaye da kakanni da suka riga mu, masu jinya, masu neman takardun zama, masu neman haihuwa, matafiya, ƙasarmu da ƙasar da muke ci a cikinta. Dankali ya huce, ba wanda ya motsa. Ban ce a daina al'adar Auta ba, amma na roƙi babbar, baɗi in tana da irin wannan magana ta turo mini a waya.

Ita ɗin ce kuma ta ɗauko tarihi bayan magariba, ana shan shayi. Labarin da ake ba ƙananan yara shi ne, Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth cikin jirgin Mayflower a 1620, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko, mutanen ƙasar, 'yan ƙabilar Wampanoag, suka koya musu noman masara, da kaka ta 1621 aka yi kwana uku ana ci tare, sarkinsu Massasoit ya zo da mutum casa'in, suka kawo barewa biyar. Ta ce abin da ba a faɗa wa yara, ɗan wannan sarki, Metacom, shi ya yaƙi Turawan a 1675 saboda cinye musu ƙasa, aka kashe shi a 1676, aka kafe kansa a garin Plymouth ɗin. Tun 1970 wasu daga 'yan asalin ƙasar suke taruwa a can a wannan rana suna zaman makoki. Hutun kansa ma sai a 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana shi ga ƙasa baki ɗaya, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941. Baban yara yana fassara wa Hajiya. Ta ce su Baturen da suka shigo Kano a 1903 ko sallamar ba su yi ba, da igwa suka buɗe ƙofa. Yaya ya ɗauko siyasar gida daga nan, ɗan Maraɗi ya kawo ta Nijar, na kwashe kofuna.

Waina ta ƙare tas, har an kankare tukunyar taushe. Makaroni da cuku yara suka cinye, da angon 'yar Yaya wanda ya yi ƙari a ɓoye. Cinyoyi da fikafikan talotalo sun tafi, ƙirji ɓari guda ya rage. Hajiya ta karɓi kek ɗin kabewa a bakin cokali, ta tauna, ta ce kanumfarin ya ji, ba ta ƙara ba.

Ba a barin dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, gidan kuma ga ɗumi, don haka tun kafin isha na fito da robobin da nake tarawa, kowane gida da ƙunshinsa, na gwauro ya fi na kowa nauyi. Abin da ya shiga firij kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Masu nisa suka kama hanya, 'yan matan suka zauna lissafin kantunan da za su afka wa da asuba saboda rangwamen Juma'a, Baban yara ya ɗan kishingiɗa don ƙarfe huɗu zai fita. Ƙashin na jefa a tukunya da citta da masoro da attarugu, farfesun safe ke nan. Ƙirjin da ya rage kuwa, bayan an sauko daga masallacin Juma'a na sake tafasa shi da albasa da dunƙule har ruwan ya tsotse, na daka a ɗan turmina, na soya sama-sama da man gyaɗa da yaji. Talotalo yana yin dambu fiye da kaza, bushewar da ake kuka da ita a tebur ita take sa shi ya warware da kyau. Na cika kwalba biyu, ɗaya babbar ta tafi da ita Buffalo ranar Lahadi, ɗayar Hajiya ta sa a ƙarƙashin gadonta ta ce ta maigidanta ce, kada 'yan matan su taɓa.